Sunan da Na Raɗa wa Jikan Yayana a Makka

Mako uku ke nan da dawowata daga Umara, kuma babu ranar da wani bai tsaya a bakin rumfata ya ce in ba shi labari ba. Na raba dabino, na raba zamzam, na ce Makka sai wanda ya gani da idonsa, amma ba ku ƙyale ni ba. Audu tela ma cewa ya yi tun da ya san ni bai taɓa ganin na je ko da Bakori na dawo bakina a rufe ba, saboda haka akwai abin da na aikata a can. Ya canka. To ga shi na rubuta, da ɗan bokon yaƙi da jahilcin da na samu bayan gemu ya fito mini. Da baki ba zan iya ba. Na san halina, zan yi ta sa masa gishiri har ya koma abin dariya, ku watse kuna cewa Ɗanjuma mai faci ba ya canzawa.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, ina da wa, Yaya Sale, wanda ya tafi aikin Hajji tun ina yaro, ya zauna can. Ya yi aure, ya hayayyafa, ya rasu shekara shida da suka wuce ba mu ƙara sa juna a ido ba. Babban ɗansa Abdullahi shi ya nemo ni ta waya, ya yi mini takardu, ya ce in zo in yi Umara in ga dangi.

Daga Funtuwa zuwa Kano babu abin faɗa, sai ƙullin kuka da daddawa da maiɗakina ta cusa mini a jaka, wanda ya sa matar da ke gefena a mota ta yi tafiyar duka da mayafi a hanci. A filin jirgi aka ce mu ɗaura harami tun daga nan, tun da jirgi ba zai tsaya a sama ya jira mutum ya tuɓe ba. Ni da na shekara arba'in ina ɗaure roba a jikin taya, zane biyu suka gagare ni. Wani ɗan kasuwar Kwari da ya saba zuwa shi ya ɗaura mini, ya ce duk da haka kada in amince da ɗaurin, in riƙe. Haka na yi tafiyar nan hannu ɗaya a ƙugu. Da ɗayan na ci abincin jirgi, da shi kuma na yi ta jan zanen sama saboda sanyin da suka sakar mana.

A Jidda kowa ya ɗora yatsunsa a kan wani gilashi ya wuce, ni kuwa na'urar ta ce ba ta san ni ba. Gam da sandar goge tuf ɗin taya sun cinye zanen yatsuna tun tuni. Ma'aikacin, wani saurayi mai haƙuri, ya shafa mini wani ruwa, ya kama yatsun nan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, layi ya yi tsawo a bayana, ina jin wata Hajiya tana cewa wa ya san abin da tsohon nan ya yi a ƙasarsu. A ƙarshe ɗan ƙaramin yatsan hannun hagu ne ya kama. Wanda bai taɓa aikin komai ba sai sosa kunne, shi ya shigar da ni ƙasa mai tsarki.

A waje na tarar da Abdullahi tare da ɗansa Faisal, wani dogon saurayi ɗan shekara ashirin, mai manyan hannuwa. Kafin in miƙa masa hannu ya sunkuyo ya sumbaci goshina, ya kira ni Sidi, wato abin da suke ce wa kaka a can. Ni kuma na dube shi sama da ƙasa na ce wannan zanƙalelen ne kishiyana, to ya sani na zo karɓar matata, wato kakarsa. Kun san yadda muke yi da jika. Nawa na gida ɓarawon goro suke kirana, ni kuma in ce da su 'yan cin banza, kowa ya yi dariya. Faisal bai yi dariya ba. Hausarsa gutsi-gutsi ce, sai ya dubi ubansa, uban ya juya masa da Larabci. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce astagfirullah, ya ɗauki jakata. A raina na ce zan koya masa kafin in tafi.

A wata unguwa da ake kira Shisha suke zaune, a hawa na huɗu. Babu zaure, babu tsakar gida, ƙofar maƙwabci na kallon taka amma sai ku kwana uku ba ku haɗu ba. Da safe ful ake ci, wato wake da aka dama da mai, a dangwala da wani faffaɗan burodi mai suna tamis. Da rana shinkafa da naman rago a faranti guda kamar murfin rijiya. Ran da aka yi tuwo da kukar da na kawo, jikoki da cokali suka ci, ɗaya ma ta tambaya ko magani ne.

Mai gidan ita ce Hajiya Rabi, matar Yaya, mutuniyar wajen Katsina da aka kawo Makka tana goye. Ita kaɗai ce ta san abin da ke tsakanin matar wa da ƙanin miji. Ina shiga ta ce ashe ragowar da aka bar mata ke nan, da ta sani da ba ta share gida ba. Amma na lura sai da ta dafa ƙofa kafin ta faɗa. Daga baya ta gaya mini kamata da Yaya ta yi yawa, har tafiyar. Ta ce Faisal ne ya yi jinyarsa, shi ke tura shi a keken marasa lafiya zuwa Harami, kuma tun da aka binne shi ba ta ƙara jin kalmar Sidi a bakin yaron ba sai yanzu.

Faisal ɗin ne ya yi mini jagora a Umara. A wajen ɗawafi ya tsaya a bayana ya ware hannuwa, duk turereniyar nan ko gwiwar hannun mutum ba ta taɓa ni ba. Na ga Ka'aba na yi kuka, wannan kam ba na jin kunyarsa. Aka yi mini aski ƙwal, muka koma gida.

Kwana biyu bayan nan ya zo ya zauna a gabana yana ta murza hannu. Ashe ƙwallo yake bugawa a wata ƙaramar ƙungiya, gola ne, amma na biyu, kullum a benci. Babban golan ya ji ciwo, ranar Asabar bayan La'asar shi za a sa a raga, karo na farko a gaban mutanen gida. Kakansa ya sha yi masa alkawarin zai zo ya gan shi, ciwo bai bar shi ba.

"Sidi," in ji shi, "kai ka zo. Ka gani ni."

Na ce zan zo.

Yanzu sai in tuna muku abin da kuka riga kuka sani. Tun ina saurayi ban taɓa shiga filin ƙwallon garinmu na zauna da 'yan gida ba. Ko daga ina baƙi suka zo, ni nasu ne. Ba don ina son su ba, daɗin ganin fuskokinku nake ji in an ci ku. An jefe ni da ledar ruwa, an taɓa ɓoye mini takalma, ban daina ba. Na ɗauka wannan ciwon na bar shi a Kano tare da kayan da na tuɓe.

Abdullahi ya kai ni filin, can bayan gari, ya zaunar da ni a inuwa cikin 'yan gida. Sun cika wajen, amma kallonsu irin na masu hankali ne, tafi kaɗan, sai ɓare 'ya'yan kabewa ana tofar da ɓawo. Can a kusurwa kuwa, cikin rana, aka keɓe baƙi da igiya. Cikin mota guda ne, daga wani gari kan duwatsu ta hanyar Ɗa'ifa, kowa da ƙyalle ruwan ɗorawa a wuya. A wajenmu baƙi bakin ƙofa suke zama, direbansu ma ba ya kashe mota. Waɗannan an ajiye musu katan-katan na ruwan sanyi da masu gadi biyu, sun baje suna kiɗa kamar a gidan ubansu. Wani ƙato mai tumbi yana dukan bandiri, sauran na amsawa. Ƙafata ta fara motsi da kanta.

Na ce wa Abdullahi zan zaga bayi. Ya ce ya raka ni, na ce shekara sittin da bakwai ina zuwa ni kaɗai. Na bi ta bayan kujeru, na ɗaga igiyar nan na shige. Mai gadi ya dubi ƙwalƙwal ɗin kaina ya ga tsoho ne ɗan Umara, ya kau da kai. Mutanen nan kuwa suka karɓe ni kamar sun shekara suna jirana. Aka matsa mini wuri, aka zuba mini gahawa a ɗan kofin da bai fi hular kwalba ba, mai bandirin ya cire ƙyallensa ya rataya mini. Ba na jin nasu, ba sa jin nawa, amma mun fahimci juna. Kuma ragar Faisal ce a gabanmu, kusa ƙwarai, har ina ganin gumin bayan rigarsa.

Ba a daɗe ba baƙi suka bugo wata ƙwallo daga nesa, marar ƙarfi, irin wadda ko ni zan kama. Ta zo hannun Faisal, ta sulale ta tsakanin hannuwan, ta gangara cikin raga a hankali. Fili ya yi tsit. Ni kuma na tsinci kaina a tsaye, hannu biyu a gefen baki.

"Rariya!"

Wallahi a lokacin abin da ke raina shi ne ga damar koya wa jika wasa. Mai bandiri ya juyo yana tambayata da hannu me na ce. Na ware yatsuna, na nuna masa abu na zuba ta tsakaninsu. Ya yi dariya har ya riƙe tumbi. Ya gwada kalmar a bakinsa sau biyu, ya ga ta hau kiɗa daidai, ra-ri-ya, duka uku. Kafin a mayar da ƙwallo tsakiya duk kusurwar nan ta ɗauka, ana tafi, ana nuna gola da yatsa, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Ni ne a gaba, ina juya ƙyalle a sama.

Faisal ya waiwayo. Ya bi mu da ido har ya same ni. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusuna, ya juya. Na ce madalla, yaro ya fara gane wasa.

Daga nan ƙwallo ba ta ƙara wuce shi ba. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya faɗa ƙafafun mutane kamar ba shi da haƙarƙari. Bayan hutun rabin lokaci aka ba baƙi fenareti, muna ta rera masa sunan, ya tashi ya doke ta waje. 'Yan gida suka rama ɗaya, aka tashi ɗaya da ɗaya.

Abdullahi ya same ni a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf. Bai ga wasan ba. Ya duba bayi, ya duba masallaci, har motar asibiti ya leƙa. Na riga na cusa ƙyallen a aljihu. Na ce masa ɓata na yi, ƙofofin duk iri ɗaya ne. Ya yi ta ba ni haƙuri.

Da muka zauna cin abinci bayan Magariba, Faisal sai magana yake yi, shi da ba ya magana. Koci ya ce shi zai ci gaba da tsaron raga. Yana ba kakarsa labari da Larabci, uban na juya mini. Wai da aka ci shi ya so ƙasa ta haɗiye shi. Sai ya ji muryata. Ya waiwaya ya ga Sidinsa ya ɓata ya faɗa cikin abokan gaba, shi kaɗai, amma bai ji tsoro ba, ya tashi tsaye yana yi masa kirari da Hausa. Su kuma marasa kunya suka kewaye tsoho suna kwaikwayonsa, suna yi masa dariya. A nan ya rantse ba za su ƙara ci ba ko zai karye.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Sai Faisal ya juya wajen kakarsa.

"Sitti, mene ne rariya?"

Abdullahi ya ce shi ma ya taɓa jin kalmar yana yaro amma ta ɓace masa. Hajiya Rabi ta ajiye cokali ta dube ni. Kowa ya dube ni. Na yi gyaran murya na ce tsohon kirari ne, na jarumawan da ke tsaron ƙofar gari a zamanin da. Faisal ya maimaita kalmar a hankali yana murmushi. Hajiya ta tashi ta fara kwashe kwanuka, ba a ma gama ci ba.

Da safe, bayan kowa ya fita, ta kawo mini shayi ta zauna nesa. Babu zolaya ranar.

"Ɗanjuma, ni ce abokiyar wasanka a gidan nan. In bakinka na ƙaiƙayi, ga ni. Yaron nan bai san ana wasa da kaka ba, nasa har ya mutu hannunsa yake sumbata. Kuma ka zauna a garin nan ka yi ƙarya biyu kafin Isha'i, kanka ko gashi bai tsiro ba."

Na ce in na faɗa masa yanzu zan karya masa zuciya, ga shi abin ya zame masa alheri, a bar shi haka mana. Ta ce waɗancan da na nuna wa da yatsu fa, mantawa za su yi in sun koma garinsu? Ta ce ita ba za ta faɗa masa ba, ba ita ta raɗa ba. Amma in sani wata rana zai ji, kuma a bakin wanda ba ya son sa.

Na yi kwana uku ina kewaye maganar. In je Harami in zauna, in ɗaga hannu zan yi addu'a, sai in ji bandiri a kunnena. Rana ta uku Faisal ya dawo daga atisaye ya miƙo mini safar hannunsa ta gola. Ya rubuta a bayan kowace da baƙin alƙalami, da baƙaƙen Larabci, waɗanda su kam na iya tun a allo: ra, alif, ra, ya, alif. Ya ce ya gaya wa abokan wasansa ma'anar, yanzu duk haka suke kiransa.

Ran da zan taho, bayan karin kumallo, na ce wa Hajiya ko tana da rariya a gidan. Ta shiga kicin ta ɗauko wata tsohuwa ta tankaɗen gari, ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Na kira Faisal. Na riƙe ta a kan kwano, na ɗebo ruwa a kofi na zuba. Muka tsaya mu uku muna kallo har ɗigon ƙarshe.

Na ce masa wannan ita ce rariya, abin da ba ya riƙe komai, kuma haka muke ce wa golan da ake ci. Na yi masa bayanin kaka da jika a ƙasarmu, yadda zagi yake zama so. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da nauyi a ɗakin nan. Hajiya ta juya masa duka da Larabci, kuma na san ba ta rage komai ba, don nata ya kai tsawon nawa.

Faisal ya ɗago kai daga kan kwanon ya dube ni.

"Sidi, ba ɓata ka yi ba?"

"Ban ɓata ba. Da ƙafata na je."

Ya karɓi rariyar daga hannuna, ya goge ta da tsumma, ya mayar inda kakarsa ke rataye ta. Ya ce bari ya fito da mota, kada mu makara.

Daga Makka zuwa Jidda ba wanda ya yi magana sai rediyo. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ɗaukar mini jaka, ya bi layi a madadina, ya sa aka naɗe mini jarkar zamzam. Sai da muka kai inda masu rakiya ke tsayawa ya riƙe hannun rigata. Ya haɗa Hausarsa da kyar, ya ce abokansa za su tambaye shi in ya goge rubutun, kuma ba ya so ya ce musu Sidinsa zaginsa ya yi.

"Ba ni na gaskiya," in ji shi. "Wanda ake ce wa gola in ana son shi."

Na buɗe baki. Kun san bakin nan, bai taɓa rasa abin faɗa ba. Kwando ya zo mini, buhu mai huda ya zo, ƙofar kasuwa ta zo, duk sunayen da na shekara hamsin ina raɗa wa 'ya'yan mutane suka yi layi a harshena. Na laluba ƙarƙashinsu ban samu ko ɗaya na yabo ba. Ma'aikaci yana yi mini alama in matsa, mutane na ratsa ni ta gefe. Na ce masa suna da yawa, sai na zauna na zaɓo mai kyau, zan aiko masa ta waya. Ya gyaɗa kai, ya saki rigar.

Har yau ban aika ba. Na tambayi Audu tela a fakaice, ya ce shi ma na zagin kaɗai ya sani, kuma a bakina ya koye su. Ƙirƙira ba zan sake yi ba, na yi sau ɗaya na ga inda ta kai ni. Hajiya ta yi waya shekaranjiya, ta ce safar na nan a kan taga, ya wanke rubutun amma bai fita duka ba, kuma ranar Asabar su ne za su je baƙunci garin masu bandirin.

To kun ji abin da ya rufe mini baki. Duk wanda ya san abin da ake ce wa mai tsaron gida in ana son sa, ya biyo ta rumfata kafin Juma'a. In dariya za ku zo yi, ku zo, na cancanta. Amma ku taho da kalmar.